Me Ya Sa Kifayen Akwatina Suke Mutuwa Alhali Ruwan Fes Yake?

Wani magidanci ne daga Gyallesu a Zariya ya turo tambayar. Ya ce ya saya wa yara akwatin gilashi na kifin ado, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, da ɗan filta, wato na'urar tace ruwa, a ciki. A ranar da ya cika shi da ruwa, a ranar ya zuba golfish 6, gofi (ƙananan kifayen nan masu launi) 8 da fileko 2, wato mai lasar gilashi. Kwana huɗu ruwan ya yi fari kamar an dama koko a ciki. Kafin kwana goma, kifaye uku sun mutu. Sai ya kwashe komai, ya wanke tsakuwa da soson filta tas da ruwan famfo, ya sake sayo wasu ya cike gurbi. Yanzu ruwan garau yake, amma kifayen suna ta haki a saman ruwa, kuma an sake fara mutuwa. Yana son sanin wace cuta ce, wane magani kuma zai saya.

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah Ya mayar da alheri. Kada ka sayi magani tukuna. Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar cuta ba. Kifayenka suna shan gubar da ke fita daga jikinsu ne, saboda matsala biyu sun haɗu a akwati ɗaya: akwatin bai nuna ba, kuma an ɗora masa kayan da ko da ya nuna ba zai iya ɗauka ba. Na daɗe ina kiwon kifi a Samaru, na ado da na ci, kuma wannan labari naka shi ne wanda na fi ji daga bakin sababbin masu akwati.

Bari in fara da abin da nake nufi da nuna. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, irin wanda ke sa makewayi zarni. Mafi yawansa ba ta kashi yake fita ba, ta jan naman nan na numfashi da ke ƙarƙashin kumatunsa yake fita, dare da rana. Ragowar abinci da kashin da ya kwanta a tsakuwa su ma idan suka ruɓe amoniya suke komawa. Masu kiwon kifi suna da wani lissafi na kusa da kusa: kowane giram 1 na abinci yana haifar da amoniya wajen miligiram 30. Akwatinka a takarda lita 54 ne (ka ninka 60 da 30 da 30, ka raba da 1000), amma idan aka cire tsakuwa da ratar da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai fi lita 45 ba, bai ma cika jarka biyu ta 'yan garuwa ba. To giram 1 tak na abinci a wannan ruwa zai iya kai amoniya sama da rabin miligiram a kowace lita cikin yini guda. Gobe a ƙara, jibi a ƙara. Ga yara kuma, kowa ya wuce sai ya ɗan yafa musu.

A kogi kamar Galma ruwa yana da yawa, yana kuma tafiya. A akwati babu inda gubar za ta je, sai dai a sami mai cinye ta. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, wato bakteriya masu amfani. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara bayyana aikinsu tun wajen 1890. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa naitirait. Rukuni na biyu suna mayar da naitirait zuwa naitiret. An daɗe ana cewa Nitrobacter ne ke wannan aiki na biyu, har sai da bincike a 1998 ya nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi Nitrospira ne suka fi yi. Sunayen biyu sun yi kama, don haka ka riƙe su haka: amoniya guba ta farko, naitirait guba ta biyu, naitiret kuwa toka ce bayan wuta ta ci, ba ta da illa sosai sai ta taru, kuma da canjin ruwa ake kwashe ta.

Abu biyu game da waɗannan ƙwayoyi su ne suka fi shafar ka. Na ɗaya, ba a cikin ruwa suke yawo ba. Manne suke a jikin soson filta, da tsakuwa, da gilashi, duk inda ruwa mai iska yake ratsawa. Wannan launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ka gani a soso ka ɗauka datti ne, shi ne dukiyar akwatin. Na biyu, ba su da saurin haihuwa. Ƙwayar da ke lalata miya tana iya ninka kanta cikin minti 20 ko 30, amma su waɗannan sukan ɗauki kusan yini guda kafin su ninka sau ɗaya. Shi ya sa sabon akwati yake buƙatar mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8, kafin su yi yawan da za su riƙa cinye guba daidai da yadda take fitowa. Idan aka kai nan ne nake cewa akwati ya nuna.

Yanzu dubi abin da ya faru a gidanka. A makon farko amoniya ta hau, babu mai ci. Tana ƙona abin numfashin kifi, sai ka ga ya yi jajir, kifin ya daina cin abinci, ya naɗe fukafukinsa. Farin da ruwa ya yi a kwana na huɗu wasu ƙwayoyi ne daban masu cin ruɓaɓɓen abu, da suka sami garaɓasa suka yi yawa. Su ba su ne muke jira ba, kuma da kansu suke lafawa, sai dai suna cinye iskar ruwa. A daidai kwana na goma, ƙwayoyin kirki sun fara kama soso ke nan, sai aka wanke su da ruwan famfo. Idan ruwan yana da kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, to ya kashe su, don aikin kulorin ke nan. Ko babu kulorin, dirzar da aka yi ta tafi da su. An koma rana ta ɗaya, ga kuma sababbin baki. Ban ga laifinka ba, kowa ya ga datti wankewa zai yi. Mai sayarwa ne ya kamata ya gaya maka wannan kafin ya ɗaure maka leda.

Hakin da suke yi yanzu a ruwa mai haske ya fi kama da aikin guba ta biyu. Naitirait tana shiga jinin kifi ta ɓata sinadarin da ke ɗaukar iska, har jinin ya koma launin makuba. Sai kifi ya shaƙe alhali akwai iska a ruwan. Amoniya da naitirait da naitiret duk ba su da launi. Ruwan da ya fi kowane kyan gani yana iya zama shi ne mai kisa, kuma wannan ne ke ruɗin mutane.

Akwai wani abin da ke ƙara wa amoniya kaifi, kuma a garinmu yana da muhimmanci. Ba duka amoniyar da ke ruwa ce ke da dafi ba, wani kaso ne, kuma kason yana ƙaruwa da zafi da kuma ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa da ake kira pH. A digiri 25, idan pH yana 7, kason mai dafi wajen rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Idan pH ya kai 8, sai ya haura kashi 5, kusan ninki goma. Idan zafi ya kai digiri 30 ya ƙara hawa. Don haka akwatin da ya lallaɓa ya tsallake hunturu yana iya zubar da kifi a watan Afrilu ba tare da an canza komai ba. Saboda wannan dalili nake roƙon ka kada ka jefa kanwa ko toka a ruwan, ko da wani ya ce suna gyara shi, domin suna cilla pH sama farat ɗaya. Alif ma da muke kwantar da ruwan rijiya da shi, a bar shi can, yana ja da pH ƙasa.

To me za a yi yau? A daina ba su abinci kwana biyu cur. Babban kifi mai lafiya yana iya kwana uku har fiye bai ci ba, ba abin da zai same shi. Bayan haka sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu, mutum ɗaya kuma ya riƙe robar abincin. Sannan ka zuƙe rabin ruwan da tiyo, kana bin tsakuwa don ya kwaso abin da ya kwanta, ka mayar da sabo. Rabi yana raba gubar biyu. Gobe ka sake, haka kullum har abin ya lafa. Kada ka ji tsoron cewa canjin ruwa zai hana akwati nuna, tunda ƙwayoyin suna jikin soso ne. Filta kuwa kada a taɓa shi. Idan ya toshe har ruwa ya rage gudu, ka ɗebi ruwan akwatin a bokiti, ka matse soson a ciki sau biyu ko uku, ka mayar da shi da sauran launinsa. Bokitin ya zama na kifi kaɗai, wanda bai taɓa ganin sabulu ko garin wanki ba. Ruwan da ka zuƙe kada ya tafi kwata, taki ne mai kyau ga zogale ko fulawar tsakar gida.

Gishiri yana taimakawa a kan naitirait, saboda yana tare ƙofar da take bi ta shiga jini. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 20 ya wadatar. Ka narkar da shi a kofi kafin ka zuba, kuma idan ka canza ruwa ka mayar da na adadin ruwan da ka cire kawai, don gishiri ba ya bin iska. Wannan tallafi ne na 'yan makonni, ba ya cire gubar. Abin da zan hana ka da babbar murya shi ne kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wasu masu tarwada suka saba buɗewa su zuba a ruwa, da shuɗin maganin nan da ake kira metilin bulu. Ba sa bambance ƙwayar cuta da ƙwayar da kake jira.

Sai maganar ruwan da za ka riƙa zubawa. Idan na famfo ne, ka tara shi a buɗaɗɗen baho ya yi kwana ɗaya ko biyu, kulorin zai fice, musamman idan ka saka masa famfon iska. Akwai kuma ruwan magani da masu kayan kifi ke sayarwa mai kashe kulorin nan take, kuma ya fi tabbas. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. Rijiyar cikin unguwa mai cunkoso, wadda ba ta da nisa da masai, tana iya zuwa da naitiret ko amoniya tun daga tushe, sai an gwada. Idan daga 'yan garuwa kake saye, ka tsaya a kan mutum ɗaya da ka san inda yake ɗebowa, don sauya ruwa yau wannan gobe wancan yana wahalar da kifi. Kowanne ne, ka ajiye shi a ɗakin da akwatin yake, zafinsu ya zo ɗaya kafin ka haɗa.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita na fi so. Ka ga yadda mai nono take zuba ɗan ragowar kindirmon jiya a sabuwar madara don ta yi barci da wuri? Haka ake yi wa akwati. Ka nemi wanda akwatinsa ya haura wata shida kifayensa lafiya lau, ka roƙi yankin sosonsa ko tsakuwa cikin tafin hannu biyu. A sa a leda da ruwan akwatinsa, a kawo cikin awa ɗaya ko biyu ba tare da ya bushe ba, a cusa a cikin filtarka. Wannan yana iya rage jiran makonni ya koma kwanaki. Tsohon ruwa kawai ba tare da soso ba amfaninsa kaɗan ne. Kainuwa ma tana taimako, domin saiwarta tana shan amoniya da naitiret kai tsaye, sai dai tana son haske. Idan daga kududdufi aka ɗebo ta, a wanke, a ware ta a baho mako biyu saboda ƙananan dodon koɗi da ƙwari, kuma kada a tura yara su shiga irin wannan ruwa saboda tsargiya.

Duk wannan a duhu kake yin sa idan babu abin gwaji. Ka nemi na ruwa, mai 'yan kwalabe da ake ɗigawa a ga launi. Ya fi na tsinken takarda, kuma yawancin na takardar ba su ma auna amoniya. Idan ba ka samu a nan ba, ana iya yin oda daga Kaduna, Kano ko Legas. Da wannan kuɗin da za ka sake sayen kifi, gara shi. Duk ranar da amoniya ko naitirait ta wuce miligiram 0.5 a lita, a canza rabin ruwa. Za ka ga amoniya ta fara sauka, naitirait ta hau ta daɗe a sama, wani lokaci mako biyu ko uku, nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Ranar da duka biyun suka nuna sifili, naitiret kuma ta bayyana, suka zauna haka mako guda, akwati ya nuna. Daga nan canjin kashi ɗaya cikin huɗu a kowane mako, a riƙe naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita.

Yanzu ga magana mai nauyi. Ko ka yi duk abin da na faɗa, kifaye 16 irin waɗannan ba za su zauna a lita 45 ba.

Na san daga inda wannan ɗabi'a ta samo asali. Idonmu ya saba da tarwada. Muna ganin ta cunkushe a baho a kasuwar Sabon Gari, ruwa ɗan kaɗan, tana nan da ranta har yamma. To tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, ga juriya, ga shi masu kiwon ta suna zubar da ruwa su sake a kai a kai. Golfish da gofi ba su da wannan baiwa. Iskar da ta narke a ruwa kaɗai suka dogara da ita, ita kuma ta saman ruwa take shiga. Shi ya sa akwati mai faɗi ya fi dogo siriri, kuma ƙwaryar gilashin nan mai tsukakken baki ita ce mafi muni.

Sannan kifin da ka saya jariri ne. Golfish na gama-gari yana kai santimita 20 zuwa 30, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 10. Fileko irin wanda aka fi sayarwa yana wuce santimita 30, rabin tsawon akwatinka ke nan, kuma duk da ana ce masa mai shara, kashin da yake yi ya fi abin da yake lasa. Girma kuwa ba a tsawo kaɗai yake ba. Kifi idan ya ninka tsawonsa sau biyu, nauyinsa ya ninka kusan sau takwas, cinsa da gubarsa su bi baya. Wannan ne ya sa ƙa'idar da za ka ci karo da ita a intanet, wai inci ɗaya na kifi ga galan ɗaya na ruwa, ba ta aiki sai ga ƙananan kifaye sirara. Golfish ɗaya mai santimita 15 ya fi gofi ashirin ɓata ruwa. Masu cewa kifi yana tsayawa daidai girman akwatinsa, abin da suke gani tsumburewa ce saboda mugun ruwa da takura, kuma irin wannan kifi ba ya yin tsawon rai. Dabbar da muka tsare a gilashi ba ta da hanyar neman wa kanta mafita, amana ce a wuyanmu.

Gofi kuma ta wata fuskar suke cika akwati. Haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kusan kowane mako huɗu, mace ɗaya tana iya zubo 20 ko fiye. Ga shi haɗin da aka yi maka bai dace ba tun farko: golfish ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, wajen digiri 18 zuwa 23, gofi kuwa 22 zuwa 28, kuma golfish idan ya girma duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake.

Shawarata, ka bar gofi 6 zuwa 8 a akwatin, maza zalla idan ba ka son haihuwa, su ne ma suka fi launi. Golfish da fileko su fita a wannan makon. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko zai karɓa, ko ka ba mai babban akwati. Idan yara sun shaƙu da golfish, tankin roba na lita 500 irin na masu kiwon tarwada, a inuwa a tsakar gida, da famfon iska da babban soso, zai riƙe uku ko huɗu su sake. Ko na wucin gadi ne, babban baho mai tsabta zai rage wa akwatin nauyi yau ɗin nan. Abu ɗaya dai, kada a kai su Kubanni ko Galma a saki. Fileko ɗan Kudancin Amurka ne, kuma a ƙasashe da dama da aka sake shi a koguna ya zame musu annoba.

Ɗauke wuta ma sai ka yi masa shiri, domin ƙwayoyin nan masu shan iska ne ƙwarai: kafin su sarrafa giram 1 na amoniya sai sun ci iskar oksijin wajen giram 4. Filta ya tsaya, su da kifi duk sun shiga takura. Ƙaramin famfon iska wat 3 zuwa 5 kawai yake ci, akwai mai batir, akwai wanda ake jona wa fawa-bank ɗin waya, kuma ko ƙaramar sola ta ɗauke shi. Idan aka haɗa shi da filtar soso, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ranar da babu ko ɗaya, kada a ba da abinci, a riƙa ɗiban ruwa da kofi ana kwararo shi daga sama lokaci zuwa lokaci. Idan filta mai rufaffen gida ne kuma ya yi dare guda a tsaye, ka zubar da ruwan da ya kwana a cikinsa kafin ka kunna. A bazara abin ya fi tsanani, don ruwa mai digiri 20 yana riƙe iska wajen miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa 7.5, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙata. A janye akwati daga taga, a bar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa. A Disamba da Janairu kuma sanyin asuba yana rage wa ƙwayoyin kuzari, nunar akwati ta ƙara jinkiri, gofi su yi lakwas. Hita mai wat 50 ta isa wannan akwati.

Wani abin da ban so in manta: maganin sauro. Na fesawa da ota-fiya-fiya duk suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. Idan za a fesa, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Kada ka sayi ko kifi ɗaya har sai gwaji ya nuna sifili biyun nan mako guda. Bayan haka, idan akwai gurbi, biyu-biyu ake ƙarawa, a bar mako biyu a tsakani don ƙwayoyin su kamo. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, duka suka mutu kafin nan, kada ka wanke komai. Ka cire gawarwakin, ka bar filta yana aiki, kullum ka yafa ɗan abincin kifi a ruwan ba kifi, kana gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku. Akwatin zai nuna ba tare da wani rai ya wahala ba. Aikin ɗiga maganin gwaji da duba launi kuwa, ka ba babban cikin yaran tare da littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Idan an yi mako biyu ka turo mini lambobin, tare da irin ruwan da kake amfani da shi, mu ga inda aka kwana.